Amsoshin Tambayoyinku: Fankar lantarki a motar shiga daji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko a yau ta fito daga Agege a Legas, daga wani bawan Allah da ke tuƙa tsohuwar Hilux mai shan man gas, wato dizal. Ya ce aikinsa kai ma'aikata da kayan gini wuraren da ake cike fadama da yashi a Ibeju-Lekki, inda babu kwalta. Motar lafiya lau take a kan titi, amma da ya faɗa gosulo ko ya nutsa cikin yashi, sai allurar zafi ta fara hawa. Wani riwaya ya ba shi shawarar ya cire fankar da injin ke juyawa, ya sa ta lantarki mai kunna kanta idan ruwa ya yi zafi. Yana tambaya: ya yi ko kada ya yi?

To malam, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, sayen fanka, fara duba wadda kake da ita. A tsakiyar fankar irin waɗannan motoci akwai wani kuloci mai man silikon a ciki. Idan inji ya yi zafi, kulocin ya kama, fanka ta ja iska da ƙarfi har ka ji tana gurnani. Idan man ya tsiyaye, za ka ga fanka tana juyawa, amma juyin banza ne. Kashe mota bayan ta yi zafi, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta walawala babu wata turjiya, ko ka ga maiƙo a jikin kulocin, ga ɓarawonka nan. Sai kuma lagireto. Motar da ke shiga laka, taɓo yakan bushe tsakanin lagireto da kwandansan AC, inda ido ba ya gani. A wanke da ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, kada a matsa ruwan da ƙarfi har ya lanƙwasa haƙarƙarin.

Idan duk wannan lafiya yake, ni a ganina kada ka cire fankar inji. A cikin yashi kana giya ɗaya ko biyu, inji na ihu, mota na rarrafe, iska ba ta shigowa ta gaba. A nan fankar inji ta fi, domin ƙarfinta na ƙaruwa da juyin inji, kuma ƙananan fankokin lantarki na kasuwa ba sa kamo ta wajen jan iska. Inda ta lantarki ke cin gari shi ne gosulo, misali ka tsaya cik a gadar Third Mainland, inji na numfashi a hankali, AC a kunne. Saboda haka a ƙara ta lantarki a gaban kwandansa ta riƙa tura iska ciki, ta inji kuma ta ci gaba da aikinta a baya.

Yanzu yadda ake haɗawa, kuma riwaya da ke saurare ku matso kusa. Tamostat ɗin inji, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan ya yi zafi, a yawancin motocin Toyota na wannan zamani yakan buɗe wajen digiri 82. Makunnin fankar, wato abin da ke kunna ta idan ruwa ya yi zafi, dole ya zama sama da haka, kamar wanda ke kunnawa a 92 ko 95 ya kashe wajen 87. In aka sa mai kunnawa ƙasa da 82, fankar ba za ta huta ba har ta ƙone. Akwai irin makunnin da ake cusa tsinkensa cikin haƙarƙarin lagireto. Yana da sauƙin sakawa, amma a hanyar gargada yakan zame, ya faɗi ba ka sani ba. Gara wanda ake yanka hos na sama na lagireto a saka masa mazauni na ƙarfe, yana taɓa ruwan kai tsaye. In hos na ƙasa aka zaɓa, a tuna ruwan can ya riga ya huce, sai a nemi makunni mai ƙaramar lamba.

Fanka mai inci 14 ko 16 tana iya jan amfiya 15 zuwa 20, kuma lokacin da take tashi tana fizgar fiye da haka. Wannan wuta ba ta bi ta cikin makunni ba, sai ta rile mai amfiya 40, wato ɗan akwatin da ƙaramar wuta ke sa ya saki babba. Waya mai kauri ta taso daga batir, a sa fiyus dab da batir ɗin, ta shiga ƙafar rile mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa fanka. Ƙafa ta 86 ta sha wuta daga makulli, ta 85 kuma ta bi ta makunnin zafi zuwa bodi. Amfanin ɗaukowa daga makulli shi ne da ka kashe mota fanka ta tsaya. In ba haka ba, tana iya tashi da kanta yaron shago na da hannu a ciki. An gama haɗawa, a sa takarda a gaba a gani: iska ta nufi inji. In an juya wayoyin, fankar baya take turawa, ta riƙa faɗa da iskar hanya. Kuma a ɗaure ta da ƙarfe a jikin mota, ban da robobin nan da ake sokawa ta cikin lagireto, girgiza za ta sa su huda shi. A ƙarshe a duba ko altanetarka za ta ɗauki ƙarin nauyin, musamman da dare ga fitilu ga AC.

Wata hajiya daga Idi-Araba ta rubuto cewa bakanike ya cire wa Pajero ɗinta tamostat, ya kuma yi wa fanka darek, wato ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai a ƙasar zafi haka ake yi. Hajiya, wannan al'ada ta yi yawa a garejojinmu, kuma ɓoye ciwo ce kawai. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi shan mai, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, tana ta ƙara fetur, ƙarafan ciki kuma suna saurin cinyewa. Fankar da ke gudu ba hutu ita ma kwananta ƙidayayye ne, kuma ranar da za ta mutu ba za ta yi sallama ba. Ki sa a mayar da tamostat, a gyara makunni, sannan a nemo ainihin abin da ya fara kawo zafin. Sau da yawa murfin lagireto ne ya saki, wanda ya kamata ya riƙe matsi na 0.9 ko 1.1 kamar yadda aka rubuta a kansa.

Ta ƙarshe daga Mile 12, wani mai ɗauko kayan gwari daga gonakin wajen Epe yana tambaya ko ruwan damina zai lalata fankar lantarki. Wanda ya ga Legas a watan Yuni da Yuli ya san tambayar ba ta wasa ba ce. Haɗarin shi ne fanka ta tashi tana cikin ruwa: fukafukan su lanƙwashe su daki lagireto, ko fiyus ya ƙone. Shi ya sa masu shiga daji ke sa maɓalli mai matsayi uku kusa da sitiyari, ɗaya fanka ta bi makunninta, ɗaya a kashe ta gaba ɗaya, ɗaya a kunna ta dole idan makunni ya lalace a hanya. Ka kashe kafin ka shiga ruwa, ka mayar da zarar ka fito. A haɗa masa ɗan jan fitila da zai riƙa ci muddin fankar na kashe, domin mantuwa a nan sa inji zafi take yi har gasket ɗin kan inji ya ƙone. Rile da fiyus kuma a ɗaga su sama kusa da bonet, inda ruwa ba ya kaiwa.

Sauran wasiƙun, ciki har da ta mai tambaya kan zuba ruwan rijiya a lagireto, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.