Lissafi a Gonar Makaranta: Tambaya Kafin Fomula

A ce wata ƙaramar sakandare a Kumo tana da fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, ana son shuka masara da faɗuwar damina. Malamin lissafi ya ajiye alli tukuna, ya jefa wa 'yan aji biyu tambaya ɗaya: ƙwayar iri nawa za mu nema?

A raba su biyar-biyar, kowane rukuni da igiya, da tef ɗin awo, da turaku. Malamin noma ne zai ba da tazara: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami.

Tuntuɓen farko a nan yake. Wasu za su raba 10 da 75 kai tsaye, sun manta ɗaya mita ne, ɗaya santimita. Malam, kada ka yi saurin gyara musu. Tambaye su kawai: gonar da ba ta ɗauki ko kunya ɗaya ba, anya? Su da kansu za su mai da mita 10 santimita 1,000.

Sai gardama ta tashi: wani rukuni ya ce kunya 13, wani ya ce 14. Dukansu suna da hujja, ya danganta ko an fara daga bakin iyaka ko an bar gefe. A fita fili a kafa turaku, ido ya raba gardama. In an tsaya a kunya 13, kowace da rami 40, ramuka 520 ke nan, wato ƙwaya 520 in an saka ɗaya a kowane rami.

Saura malamin kimiyya, domin ba kowace ƙwaya ke tsira ba. A jera ƙwaya 100 a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana 7 a ƙirga. A ce 85 suka tsira. Yawancin yara za su ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan 520, su sami 598. Bai isa ba, domin ƙarin ma ba duka zai tsira ba. Raba 520 da 0.85 ake yi, ya ba da kusan 612. Sai yanzu fomula za ta hau allo.

Aikin yana cin darasi uku aƙalla, don haka malaman uku su zauna tun farkon zango su daidaita jadawali, a jera irin a kan jiƙaƙƙen buhu tun saura mako guda a yi darasin kaso cikin ɗari.