Gaɓar Rafi da Sawun Barewa: Yadda Maharban Amurka Ke Karanta Daji

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya, in murya ba ta isa gare ku ba, ku ɗaga hannu.

Yau za mu ƙetare teku. Zancenmu a kan barewar Amurka ne mai farin wutsiya, da yadda maharban can ke bin rafuka da fadamun manyan koguna irin su Misisifi da Misuri suna nazarin zirga-zirgarta, watanni kafin a buɗe lokacin farauta. Ba irin barewarmu ba ce. Namijin ne ke da ƙaho, mai rassa, kuma duk shekara yakan zube a ƙarshen hunturu, sabo ya fito.

Wanda ya san Yankari da rani zai ce ai magana a fili take, ƙishi ke kai dabba bakin ruwa, kamar yadda namun daji ke taruwa a Kogin Gaji. To, a can ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne ginshiƙin laccar. Gabashin Amurka ƙasa ce mai ruwa, barewa tana samun kaso mai yawa na ruwan da take bukata daga ɗanyen ganye. Abin da ke riƙe ta a rafi maɓoya ce da hanya. A jihohi irin su Iyowa da Ilinoi an nome tudu kakaf da masara da waken soya, wurin da garma ta ƙyale shi ne kwarin da ambaliya ke ci. A Kansas da Nebraska kuwa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga duhuwar itatuwa ba sai a gaɓar kogi. Saboda haka rafi ya zame mata kamar burtali tsakanin gonaki: ta nan take bi daga makwanci zuwa wurin kiwo ba tare da ido ya gan ta ba.

Mai neman sawu yakan fara da mashigi. Barewa ta iya iyo sarai, amma ba ta son wahalar banza. Takan zaɓi inda ruwa bai da zurfi, ƙasansa tsakuwa ce, gaɓar kuma ba ta yi tsayi ba. Shekara da shekaru ana bi, har kofato ya sassaƙe gaɓar ya yi mata gurbi. Laka kuma ba ta ɓoye komai. Sawu mai kaifin baki, na jiya ne ko na yau. Wanda gefensa ya ruguje, ganye ya faɗa ciki, ya kwana biyu.

Sai lanƙwasar kogi, kuma nan nake so mu ɗan daɗe. Duk inda ruwa ya yi kwana, yana cin gaɓar waje har ta zama gangare mai tsayi. Barewa ba ta sauka ta nan, dole ta zagaye, sai hanyoyi uku ko huɗu su matse su koma ɗaya tsakanin gangaren da bakin gona. Cikin kwanar kuwa ruwa yashi yake zubarwa, ciyawa da ƙananan itatuwa su cunkushe. Nan tsohon namiji ke kwanciya da rana. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, hancinsa na tsaron gefen da iska ke fitowa, idonsa na tsaron ɗayan. In aka taso shi, tsalle biyu ya ƙetare. Wallahi duk wanda ya tsaya ya dubi irin wannan makwanci zai girmama dabbar nan.

Namiji yakan bar alama iri biyu. Daga watan Satumba, bayan fatar da ke lulluɓe da sabon ƙaho ta saɓule, yakan goga ƙahon a jikin ƙananan itatuwa har ɓawo ya ɗaye. Gefen da ya ɗaye yakan nuna daga inda ya fito. Da barbara ta matso, wadda a jihohin arewa ke kai ƙololuwa a tsakiyar Nuwamba, sai ya tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo, ya yi fitsari a wurin, ya shafa fuskarsa a reshen. A lura kuma da itacen oak, wata bishiya da barewa ke cin 'ya'yanta, akwai farin oak akwai kuma jan oak. 'Ya'yan farin sun fi na jan daɗi a bakinta, don na jan suna da bauri, saboda haka farin take fara ci.

Yanzu ga abin da ke kayar da maharba da yawa: iska. Da yamma, in ƙasa ta huce, iska mai sanyi takan gangara ta bi rafi kamar yadda ruwan ke bi. Da hantsi kuma ta juya ta hau tudu. A ƙasan kwari sai ta riƙa juyi ba alƙibla, ta kai warin mutum ko'ina. Shi ya sa gogaggu ba su cika zama a tsakiyar kwarin ba ko da sawu ya fi yawa a can, sukan ɗan hau gefe. Wajen shiga ma, ta cikin ruwan suke bi da dogon takalmin roba, ko da kwale-kwale, gaɓa ta ɓoye su, ƙarar ruwa ta rufe takunsu. Babban yawon duba daji kuwa a Fabrairu da Maris ake yin sa, bayan an rufe farauta, ganye bai tsiro ba, alamun bara duk suna nan.

Wani zai ce, da irin wannan ƙwarewa ai sai a ƙarar da su. An kusa. Wajen shekarar 1900 an ƙiyasta ba su wuce dubu 500 ba a duk ƙasar, yau ana maganar miliyan 30. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, dokar 1937 kuma ta ware harajin bindigogi da harsasai don farfaɗo da namun daji. Ga lasisi, ga ƙayyade adadi.

Abu na ƙarshe, shi ma a bakin ruwa ake ganin sa. A shekarar fari, irin 2012, ruwa ya janye ya bar taɓo, wani mitsitsin ƙuda mai cizo ya hayayyafa a ciki, ya yaɗa cutar da ke sa zazzaɓi da zubar jini a cikin jiki. Wannan karon kam ƙishi ne ke kawo barewa rafi, a nan ake tsintar gawarwaki, kuma sau da yawa mai duba sawu ne ke fara kai rahoto ga hukumar namun daji ta jiharsa. Cutar ba ta lafawa sai sanyin farko mai daskarar da raɓa ya kashe ƙudan.

Lokaci ya tafi, mai tambaya ya matso kusa da lasifika.