Kafin ka ɗaura wa motarka ƙarfen shasi, leƙa ƙasanta

Assalamu alaikum 'yan uwa, mutanen Kaduna garin gwamna, ina gaishe ku daga Maleshiya. Yau a garejin wani abokina nake, saboda saƙonnin da samari ke ta turo mini tun da na nuna muku motocin da ake kaiwa filin tsere na Sepang. Tambayar kusan guda ce: ƙarfen nan da ake gani in an buɗe bonet, wanda ya gitta saman inji daga wannan gefe zuwa wancan, mene ne aikinsa? In an saya an aiko Kaduna, zai sa mota ta kama hanya?

Ga shi a hannuna. Wannan na Ultra Racing ne, kamfani ne na nan ƙasar. Ku dubi bakinsa, faranti ne mai huda, yana zama daidai kan notikan da suka riƙe kan shokazoba. Ɗaya bakin ma haka. Ba waya, ba mai, ba ruwansa da inji.

Abin da ke faruwa shi ne, gaban mota buɗaɗɗen wuri ne, tunda dole a bar wa inji gurbi. Ɗauki kwalin taliya da aka cire wa murfi ka murɗa shi, za ka ga yana lanƙwasa, ka mayar da murfin ka manne sai ya tsaya cak. In ka shiga kwana da gudu, nauyin mota yana komawa kan tayoyin waje, ƙarfin ya bi shokazoba ya hau har inda aka ɗaure kansa a jikin bodi. Wurin yana ɗan motsawa, kaɗan ƙwarai, ido ba ya gani, amma ya isa ya canza yadda taya ke zaune a kan kwalta. Ƙarfen nan yana haɗa kawunan biyu su riƙe juna. Akwai 'yan uwansa da ake ɗaurawa ta ƙasa, kusa da gindin lowa am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya, akwai na baya da ke bi ta cikin but.

Ba kowace mota ce ke cin moriyarsa daidai ba. Corolla da Camry da Golf, ƙafarsu ta gaba irin ta MacPherson ce, shokazoba shi ne ginshiƙin da ya riƙe taya ta sama, don haka kan nasa na shan wahala. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda muke kira EOD, hannuwa biyu gare ta a gaba, na sama da na ƙasa, su suke ɗaukar yawancin ƙarfin kwana. A irinta bambancin ba ya kai na waɗancan. Kuma ko a motar da ya dace da ita, abin da za ka ji shi ne sitiyari ya ƙara amsawa da wuri. Ba zai ƙara wa tayarka riƙo ba in tayar ta suɗe, ba kuma zai rage nisan da birki ke tsayar da kai ba.

Nan ne nake so mu tsaya mu yi magana ta gaskiya, domin abin yana damuna. Yawancin motocin da ake kuka da su, ana cewa suna rawa a hanyar Zariya ko suna lilo in an haura ɗari a hanyar Abuja, ba ƙarfe suka rasa ba. Shokazobansu ne ya mutu. Mota ce aka shigo da ita ta riga ta ci tafiya a Turai ko Amurka, ta zo ta ƙara shekaru a layukan Rigasa da Tudun Wada, bushin, wato robar mahaɗar ƙafa, ya tsattsage, bolojoyin, gaɓar da taya ke juyawa a kanta, yana ƙwas-ƙwas, tayarod da ke haɗa sitiyari da taya ya yi wasa. Ka ɗaura wa wannan ƙarfe mai tsada, kuɗinka ka zubar, kuma haɗarin yana nan inda yake.

Bari in nuna muku a wannan motar da aka ɗaga. Kun ga jikin shokazoban nan ya jiƙe, ƙura ta manne ta yi baƙi? Mai ne ya tsiyaye, ya gama aiki. Ku dubi robar lowa am, da na sa ƙarfe na ɗan banƙara, kun ga tsagar da ta buɗe? Sai taya. Shafa hannunka a kanta, in ka ji tudu da kwari, alamar tayar tana tsalle ce a kan hanya maimakon ta zauna. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019.

Don haka da shokazoba za a fara, kuma biyu-biyu ake canza shi, hagu da dama tare. KYB da Monroe da Bilstein duk sunaye ne sanannu, amma jabu ya yi yawa, ka tafi kasuwar Panteka da bakaniken da ka yarda da shi. Wani abu da nake roƙon oga-oga na gareji su kula da shi: notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye a jak. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba. Daga nan a wuce alaimen kai tsaye.

Maganar rage wa mota tsawo kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. A nan ana sa gajeren sifirin mai tauri, motar ta kwanta, kuma a kan kwaltar Sepang yana da amfaninsa. Mu kuwa muna da damina, muna da ramuka, muna da tudun rage gudu a unguwanni. Mota ta yi ƙasa, kaskon mai na inji ne zai fara dukan dutse. Mafi muni shi ne yanke sifirin da wuta ko da injin yanka. Zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, kuma sifirin da aka gajarce yana iya fita daga mazauninsa in taya ta faɗa rami. Ku tuna Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri, masana'antar da ta fara aiki a 1975. A wannan shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari a Kenya. Ƙafa ce da ita mai nisan hawa da sauka, taya ta bi rami ta fito ba ta rabu da ƙasa ba. A hanyarmu, wannan shi ne kama hanya.

In komai ya zauna lafiya amma har yanzu motar na kwanciya gefe a kwana, sai a dubi sitabilaiza, sandar nan da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama. A nan a yi hattara, domin ƙara kauri kaɗan yana ƙara tauri sosai. Daga milimita 20 zuwa 22, taurin yana ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari. In gaba ta yi tauri fiye da kima, ka juya sitiyari motar ta nemi miƙewa. In baya ce, gindin motar ne zai nemi wuce ka, musamman bayan an yi ruwa. Direban da bai saba ba, wannan na biyun ya fi masa haɗari.

Sai bayan duk wannan ne zan ce a sa ƙarfen saman inji. Wanda zai yi oda daga nan ko daga Japan, ya sani motocinsu sitiyari a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu. Tukunyar man birki tana bin gefen direba, saboda haka wani ƙarfen zai zo ya tokare ta. Ka ba mai sayarwa sunan motar da shekararta da girman injinta, ka faɗa masa sitiyarin hagu ce. Ranar ɗaurawa a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi huɗu a ƙasa, sannan a sauke bonet a hankali a tabbatar ba ya taɓa ƙarfen kafin a rufe.