Me ya sa digiri 32 na Legas ya fi na Kano zafi?

Wayarka a Kano ta nuna digiri 32. Ta ɗan'uwanka a Legas ma 32. Kai kana inuwa hankali kwance, shi kuwa riga ta manne masa a baya. Ba raki yake yi ba.

Jikin ɗan Adam yana son ya tsaya a kusan digiri 37. Da zafi ya ƙaru sai ya fitar da gumi. Amma fitowar gumin ba ta sanyaya kowa, sai ya bushe, domin ruwan da ke tashi daga fata shi ke tafiya da zafin. Haka randa ke yi: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, na cikinta ya yi sanyi.

To, a Kano cikin watan Maris iska a bushe take ƙayau, gumi na fitowa tana ɗauke shi. Legas kuwa tana bakin teku, iskarta ta riga ta ƙoshi da danshi. Gumin sai ya yi ta zuba a banza, zafin na nan a jiki.

Masana yanayi suna da lissafin wannan, wanda ya samo asali daga aikin wani mai bincike, Robert Steadman, na shekarar 1979. Digiri 32 da danshi kashi 70 cikin 100, jiki zai ji kamar 41. Idan danshin ya sauka zuwa kashi 20, kamar 30 za ka ji.

Ba sai ka je Legas ba ma. Ka tuna watan Mayu a Arewa, lokacin da iskar kudu ta fara kawo danshi, hadari na haɗuwa yana watsewa, dare ya yi barci ya gagara.

Kuma a inuwa ake auna lambar da ke wayarka. Tsayuwa cikin rana tsaka na iya ƙara har digiri 8 a kan abin da jiki ke ji, ga kwano da kwalta suna mayar da zafin da suka sha.

Sabo ma na da tasiri. Baƙo kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba. Sai dai a kula, a busasshen zafi irin na Sakkwato gumi na bushewa kafin ka gan shi, ruwan jikinka na ƙarewa ba ka sani ba. Kada ka jira ƙishirwa kafin ka sha ruwa.