Hirar Bakin Birni: Tumbin Ragon Habu

Habu: Jama'a barkanmu da war haka. Tun bayan layya maganar leda ake turo mana a WhatsApp.

Hadiza: Ledar cikin ragon wa? Faɗa musu.

Habu: To, nawa ne. Mahauci na farke tumbi sai ga dunƙulen baƙar leda, ya kai kan jariri, har da guntun igiya a ciki.

Malam Isa: Ashe leda ka saya, ragon gyara aka ba ka.

Hadiza: Layyar ta karɓu kuwa, Malam?

Malam Isa: Sai mun tambayi liman ko ledar ta shekara!

Habu: Ku bari, har yau Inna ba ta daina yi mini dariya ba.

Malam Isa: Abin dariya ne, amma tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan a Nijar. Shiga kasuwar Dole ta nan Damagaram yanzu: tumatir na dala ashirin leda, tattasai leda, ita ma ledar a saka ta cikin wata. Mu dai mu saya mu yar. Kuma ku dubi SORAZ, matatar man nan ta Damagaram, tun 2011 take tace mai, ganga 20,000 a rana aka gina ta a kai. An ce arziki ya ƙaru. To mi ya sa har gobe matan unguwar Garin Malam ke jiran ɗan garuwa da bido tun asuba? Damagaram bisa dutse take zaune, ruwanmu daga Gogo-Machaya da Ganaram ake jawo shi. Gari na faɗaɗa, rijiyar ba ta faɗaɗa.

Hadiza: Malam, ni ban yarda a ce wa talaka ya rage ci ba. Mi ya ci?

Malam Isa: Ban ce haka ba, ɗiyata. Je Matameye ko Magaria ki ga gawo cikin gonaki. Ba wanda ya dasa, sassaben zamani ne: manomi ya bar kututture ya tofo, ya rage masa rassa. Da damina gawo ya zubar da ganye, hatsi ya sha rana. Da rani bisashe su ci 'ya'yansa.

Habu: Da ragona ya samu 'ya'yan gawo...

Hadiza: Da bai ci ledar kantin unguwarku ba! Malam, shawarwarin nan uku da muka shirya fa?

Habu: Caji saura kashi biyu. Sai mako mai zuwa.