Darasin Kimiyyar Halittu: Shimfiɗar Tafetum a Fure da a Ido

Assalamu alaikum masu sauraro. Darasinmu na yau ya shafi wasu siraran shimfiɗu guda biyu da masana ke kira da suna ɗaya, wato tafetum: ɗaya a jakar ƙurar fure, ɗayar kuma a can baya cikin idon dabbobi da yawa, ko da yake tsarinsu da aikinsu sun sha bamban.

Mu fara da tsiro. Idan gero ko dawa suka yi bununi, ƙurar nan rawaya da ke zuba tana fitowa ne daga ƙananan jakunkuna, kuma tafetum shi ne shimfiɗa ta can ciki a bangon kowace jaka. Shi ke ciyar da ƙwayoyin ƙurar suna ƙanana, shi ke fitar da sinadarin da ke raba su bayan sun samu a manne huɗu-huɗu, sannan ya samar da kayan da ake gina musu ɓawo mai tauri wanda ke kare su daga bushewa. Da ya gama aikinsa sai ya mutu, kuma dole mutuwar ta zo a kan lokaci, domin in ta yi wuri ko ta makara, ƙurar ba za ta iya barbara ba. Tsananin zafi a lokacin fitar fure yana ɓata wannan tsari, shi ya sa wani lokaci ake ganin zangarniya ta fito da kyau amma babu ƙwaya sosai.

A ido kuwa, tafetum yana bayan tantanin da ke karɓar haske, yana aiki kamar madubi. Hasken da ya ratsa tantanin ba a kama shi ba sai ya dawo ya sake ratsawa, don haka kyanwa da kare da kura suke gani a ɗan hasken da bai ishi mutum ba. Ƙyallin idon da maharbi ke hangowa idan ya haska fitila da dare, wannan hasken ne da ya komo waje. Duk wanda ya tsaga idon saniya a mahauta zai ga wani fili mai sheƙi, shuɗi-shuɗi da kore, a bayansa. Sai dai hasken da ya dawo yana ɗan warwatsuwa, abin da ke rage kaifin gani.

Idon ɗan Adam ba shi da wannan shimfiɗa, haka ma na alade. Jan da ake gani a idon mutum cikin hoton da aka ɗauka da walƙiyar kyamara launin jijiyoyin jinin bayan ido ne.