Seramid da Bushewar Fata: Abin da Fata Ke Ƙera wa Kanta

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama da kuma dukkan mahalarta. Maganar da za mu yi yau ta shafi wani nau'in maiƙo da ake kira seramid, wanda sunansa ya yawaita a jikin kwalaben man shafawa, har wasu suka ɗauka sabon magani ne da kamfanoni suka ƙirƙiro. Alhali kuwa fatar kowannenmu tana ƙera shi dare da rana tun kafin a haife mu, kuma yawancin bushewar fata tana farawa ne daga lokacin da wannan aiki ya samu cikas.

Saman fata, wato ɓangaren da muke taɓawa da hannu, shimfiɗa ce siririya ƙwarai, wadda a mafi yawan sassan jiki kaurinta bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ɗaya ba. Matattun ƙwayoyin halitta ne a jere, hawa 15 zuwa 20, kuma tsakaninsu cike yake da maiƙo. Likitan fata ɗan Amurka Peter Elias ya yaɗa kwatancen da har yau ake koyarwa da shi: ƙwayoyin su ne tubala, maiƙon kuma shi ne simintin da ya riƙe su. Kusan rabin nauyin wannan maiƙo seramid ne, kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol, sauran kuma galibi sinadaran kitse ne masu tsami. Ba a warwatse suke ba. A shirye suke shimfiɗa bisa shimfiɗa, a matse, ta yadda ruwan jiki ba ya samun hanyar fita cikin sauƙi, ƙwayoyin cuta da abubuwa masu harzuƙa fata su ma ba sa samun hanyar shiga. Ko lafiyayyar fata tana asarar ruwa kaɗan a kullum ba tare da gumi ba, amma idan shimfiɗar maiƙon ta lalace sai asarar ta ƙaru, fatar ta yi kaushi, ta yi fari-fari, ta fara ƙaiƙayi, daga bisani ta tsattsage.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin yadda fata ke samar da seramid shi ne mabuɗin duk shawarar da za ta biyo baya. Ƙwayoyin fata masu rai da ke ƙasa suna haɗa maiƙon, su ƙunshe shi cikin wasu ƙananan jakunkuna, sannan su zubo shi a daidai iyakar da ke tsakanin fata mai rai da matacciya. Sai dai abin da suke zubowa bai zama seramid ba tukuna, domin yana maƙale da sukari ko da wani sinadari daban, kuma dole wasu sinadarai masu aikin yanka, waɗanda ake kira enzayim, su cire wannan ƙari kafin ya zama seramid mai amfani. Waɗannan enzayim ba sa aiki sosai sai a wuri mai ɗan tsami. Lafiyayyar fata tana tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nuna tsami ya fi yawa, sabulun wanka na gargajiya kuwa yana tsakanin 9 da 10. Saboda haka wanda ke dirzar jikinsa da sabulu mai ƙarfi sau da yawa a rana ɓarna biyu yake yi: ya wanke maiƙon da ke nan, ya kuma rage ƙarfin sinadaran da za su samar da sabo. Ruwa mai zafi sosai yana ƙara ɓarnar ta farko, busasshiyar iska da sanyi suna gaggauta fitar ruwan, tsufa kuma yana rage yawan maiƙon da fata ke iya haɗawa, shi ya sa tsofaffi suka fi kowa fama da ƙaiƙayin ƙwauri.

Seramid iri-iri ne, fiye da rukuni 10 a fatar ɗan adam, amma akwai wani rukuni mai dogon jiki wanda ke ɗauke da sinadarin linolik, wani nau'in kitse da jiki ba ya iya ƙerawa sai dai ya same shi daga abinci. Tun a 1929 da 1930 George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minesota, suka nuna cewa ɓerayen da aka hana wa kitse gaba ɗaya fatarsu tana saɓa, girmansu ya tsaya, kuma suna warkewa idan aka mayar musu da wannan nau'in kitse. Sai bayan shekaru da dama aka gane cewa ɗaya daga cikin manyan ayyukan linolik a fata shi ne shiga cikin wannan seramid. A 1991 kuma Genji Imokawa da abokan aikinsa a Japan suka auna fatar masu ciwon ƙaiƙayi na egizima, suka samu seramid ɗinsu ya ragu, har a wuraren da ido ke ganin lafiyarsu lau, kuma wannan rukuni mai dogon jiki shi ya fi raguwa. Ba seramid kaɗai ne dalilin egizima ba. A 2006 masana a Dandi ta ƙasar Sikotilan sun gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado ta furotin filagirin, wanda ke taimakawa wajen gina saman fata, tana da babban hannu a ciki, garkuwar jiki ma tana da nata rabon.

To, idan fata ta rasa seramid, shin shafa shi daga waje yana amfani? Yana amfani, amma da sharaɗi. Gwaje-gwajen da Elias da Kenneth Feingold da abokan aikinsu suka yi a shekarun 1990 sun nuna cewa idan aka shafa ɗaya ko biyu kawai daga cikin maiƙon nan uku, wato seramid da kolestarol da kitse mai tsami, a fatar da aka lalata, farfaɗowarta na iya jinkiri, amma idan aka haɗa ukun sai ta farfaɗo yadda ya kamata, har ma da sauri idan aka daidaita awon haɗin. Don haka mai duba kwalba kada ya tsaya ga ganin an rubuta Ceramide NP ko AP ko EOP, wato sunayen wasu rukunonin seramid, ya duba ko akwai kolestarol da sauran kitsen tare da shi. Kamfanoni da yawa ba sa bayyana adadin da suka zuba, kuma sunan sinadari a jikin kwalba ba shaida ba ne cewa an zuba isasshe.

A ra'ayina an zuzuta seramid fiye da abin da hujja ta tabbatar. Man basilin, wanda babu seramid a cikinsa ko kaɗan, yana cikin abubuwan da suka fi komai hana ruwa fita daga fata, kuma gilisarin da yuriya, sinadaran da ake zubawa a man shafawa, suna jawo ruwa su riƙe shi a saman fata. Wani gwaji da aka buga a 2022 a Ingila, kan yara 550 masu egizima, ya kwatanta man shafawa mai ruwa-ruwa, da kirim, da jel, da mai kauri, bai samu bambanci a sakamakonsu ba. Wanda mutum zai iya shafawa kullum da yalwa ba tare da ya gaji da shi ba, shi ne zai yi masa aiki. Haka nan wani babban gwaji da aka buga a 2020, kan jarirai kusan 1,400, ya nuna cewa shafa mai kullum a shekarar farko bai hana egizima fitowa ba, don haka iyaye kada su ɗauki mai a matsayin rigakafi.

Abin yi a aikace ba shi da wuya. A taƙaita wanka zuwa minti 5 zuwa 10 da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a zaɓi abin wanka mai sauƙi marar turare, a daina dirza, a tsane jiki da tawul a hankali, sannan a shafa mai cikin 'yan mintuna tun fatar tana da danshi. A yi haƙuri kuma, domin fata tana ɗaukar wasu makonni kafin ta sabunta. Masu shafa mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ba bisa umarnin likita ba su sani cewa maganin yana rage haɗa maiƙon fata, kuma yana sirantar da ita idan aka daɗe ana amfani da shi.

Idan an kiyaye duk wannan na wasu makonni amma bushewar ta ƙi sauƙi, ko fatar tana tsagewa tana jini ko ruwa, ko ƙaiƙayin ya game jiki yana hana barci, to a je asibiti a yi gwajin jini, domin ciwon sukari da raunin aikin tayiroyid (ƙullin da ke gaban wuya) da ciwon ƙoda duk suna iya fara bayyana ta bushewar fata, kuma babu man shafawa da zai magance su.